RUMFAR SALLAH A CIKIN KWAMFUTA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan Ƙungiya ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara)



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan wani ɗan aiki da muka yi da yara a Rano da Kibiya, wanda na ji labarinsa ya riga ni isowa nan, har wasu abokan wasana suna yaɗa cewa wai na bar aikin awon gine-gine na koma wasan yara. To, lalle wasa ne, sunansa Minecraft, kuma gara in fara da bayaninsa saboda malamanmu da sauran waɗanda jikoki ba su riga sun ƙwace musu waya ba.

Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya ƙago shi a shekarar 2009. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma ya zuwa 2023 an sayar da shi fiye da sau miliyan 300. Duk abin da ke cikinsa da bulo aka yi shi. Ƙasa bulo, dutse bulo, itace bulo, har ganye. Kowane bulo tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa mita ɗaya-ɗaya ne, watau wajen kamu biyu. Mai wasa sai ya riƙa ɗauka yana jerawa, ya gina ɗaki ko gada ko gari sukutum, kuma mutane da yawa suna iya shiga fili ɗaya su yi aiki tare, kowa da na'urarsa.

Manya ma sun daɗe da gane amfaninsa. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a ta haɗa kai da masu wasan, ana ba mutanen unguwa dama su tsara filayensu a ciki kafin a gina na gaske. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi aka fara. Kibera fa na ce, ba Kibiya ba, kada mutanen Tarai su tashi tafi. Haka kuma a 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, ɗaliban jami'ar Berkeley ta Amurka suka gina jami'arsu a ciki, suka yi bikin yaye ɗalibai a can.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne wata rumfa. Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Rano ya san ta. Idan Sallah ta ƙarato samari sukan haɗa kuɗi, wani dattijo gwanin ɗauri ya jagorance su, a kafa ta a bakin hanyar da mahaya ke bi ranar hawa. Ginshiƙanta na gora ne, bangonta zana da asabari, a lanƙwasa kara a yi mata baka irin na soro, a ɗora mata zankwaye huɗu, sa'an nan a lulluɓe gabanta da turkuɗi da farin saƙi, a fitar da dagi a tsakiya. Kwana uku take yi. Daga nan mai zana ya ɗauke zanarsa, masu zannuwa su karɓi kayansu, karan kuwa ya ƙare a murhu. Ba ta da zane a takarda, ba ta da awo a rubuce. Duk tana cikin kan mutum ɗaya, shi kuwa a yanzu ba ya iya hawa tsani, 'ya'yansa kuma suna Kano suna neman abinci.

A Ƙaramar Sallar 2023 na tara yara 14, tara daga Rano, biyar daga Kibiya, na ce za mu sake gina ta a kwamfuta. Sharaɗina ɗaya ne: ba mai aza bulo ko guda sai ya zo da awonsa a littafi. Nan aikin ya fara ɗaukar wata kama. Hoto ba ya gaya maka nisan da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, dole ka je da igiyar awo. Dattijon nan kuma bai san mita ba, da kamu da taku da gaba yake lissafi, saboda haka sai da yaran suka auna kamunsa shi kansa, suka mayar da komai zuwa mita. Malaminmu na lissafi yana nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, abin da ka sha fama da mu a kansa a aji uku da bulala a hannu, na ga yara suna yin sa da kansu a gindin bishiya, har suna gardama a kan rabin kamu.

Wahala ta farko ita ce kauri. Gora kaurinta bai wuce damtse ba, bulo kuwa mita guda ne, to in an ce a bi girmanta na ainihi sai rumfar ta fito kamar rumbun siminti. Sai muka faɗaɗa ma'auni, kowane kamu ɗaya ya zama bulo huɗu. Da haka zanar ta fito da saƙarta, dagin ma ya samu wurin da zai nannaɗe. Amma kuma dawakan da ke cikin wasan suka koma kamar ɓeraye a gindinta. Wannan ne ya sa 'yan Kibiya suka ɗauki nauyin gina dawaki da mahayansu da bulo, kuma don su yi haka sai da suka zauna da wani mai kula da barga ya rarrabe musu jalala da ɗan kai da likkafa da lifidi. Yaro ɗaya a cikinsu ne kaɗai ya taɓa jin kalmar jalala, alhali kuwa kowace shekara suna bin dawakin nan da gudu.

Ta biyu ita ce baka. Wasan bai san lanƙwasa ba, komai nasa kusurwa ce. Bakan gizon da magininmu ke fitarwa da azara da ƙasa, a nan sai dai a yi shi hawa-hawa kamar matakala, a ja da baya a ƙyafta ido a ce ya yi. Da muka nuna wa dattijon, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce kafaɗar hagu ta fi ta dama tashi. Muka ƙirga, bulo biyu ne suka yi yawa. A nan ne ya bayyana mana abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba domin ba a taɓa tambayarsa ba, cewa kara biyu yake zaɓa masu tsawo ɗaya, ya jiƙa su kwana guda, ya ɗaure kawunansu a ƙasa kafin a ɗaga, ba a sama ba.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta launi. Rini iri 16 ne kacal a wasan. Akwai shuɗi, akwai mai haske, akwai baƙi, amma babu turkuɗi. Wannan duhun shuɗi mai ƙyalli da ke fitowa bayan an tsoma zane a karofi sau da yawa, an kai shi mabuga an buge shi da shuni, babu bulon da ya kama ƙafarsa. Yaran suka rabu biyu, wasu suka ce baƙi ne, wasu suka ce shuɗi. Ku duba fa, 'ya'yan Rano ne waɗannan, garin da tarihin Hausa Bakwai ya haɗa da Kano ya kira su sarakunan baba. Sai da na aro tsohon rawani na fitar da shi rana, kowa ya shafa ya ga hannunsa ya rine, sa'an nan gardama ta mutu. A ƙarshe muka cakuɗa shuɗi da baƙi da shunayya, tsaka-tsaki. Ni dai har yanzu bai gamsar da ni ba.

Wani abin dariya, a 2022 masu wasan sun ƙara laka a cikin kayan gini, amma sai an haɗa ta da alkama kafin ta zama bulon ƙasa. Da magini ya ji haka sai ya ce lalle waɗannan ba su taɓa sayen kwanon alkama ba.

A Babbar Sallar 2024, bayan rushe masarautu da aka yi a watan Mayu, 'yan sanda sun hana hawa a duk faɗin jihar, rumfar kuwa ba a kafa ta ba. A watan Disamba na wannan shekara ce kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya. Abin farin ciki ne, sai dai rajistar ba ta ɗauke da awon rumfar unguwarmu, kuma ba za ta ɗauka ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kwamfuta ta adana mana al'ada. Abin da ke cikinta ba ya ƙamshin sabuwar zana, ba ƙarar bindiga, ba kakaki, ba ƙura. Na'ura tana lalacewa, wasan ma sayensa ake yi, wuta kuwa kun san halin da ake ciki. A wurina abin da ya fi daraja shi ne littattafan awon nan guda 14, da sunayen kaya da bayanin ɗauri da yaran suka rubuta daga bakin masu abin. Na sa an buga su a takarda, na kawo kwafi biyu domin laburaren makaranta.

Roƙona ga Ƙungiya kashi uku ne. Na farko, a nema mana izinin hukumar makaranta a riƙa buɗe ɗakin kwamfuta ranar Asabar. Na biyu, a sa batir da faifan hasken rana a cikin kasafin bana, ko da na na'ura biyar ne. Na uku ya shafi kowa a nan. Muna so mu gina tsohuwar makarantarmu kamar yadda take a zamaninmu, har da ƙofar kara da ganyen dogonyaro da muke kafawa ranar ba da kyaututtuka. Duk mai tsohon hoto ya miƙa wa sakatare kafin taro na gaba, za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Iyayenmu malamai kuma ku yi haƙuri, yara za su zo muku gida da littafi da tambayoyi, musamman a kan inda tsohuwar rijiya take, domin jiya kaɗai na ji wurare uku daga bakin 'yan ajinmu.