Kafin Ka Kafa Turke Na Biyu

Yau da ma'abota doki zan yi magana, musamman mai guda ɗaya a barga wanda zuciyarsa ta fara raya masa ya ƙara na biyu. Wataƙila yaronka ya tasa yana son ya riƙa bin ka hawa, wataƙila ingarman naka ya fara manyanta kana so ya samu mai hutar da shi. Buri ne mai kyau, kuma ni ba zan sage maka gwiwa ba. Ga shi ma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Abin da nake roƙo shi ne ka zauna da biro da takarda kafin ka kira dillali.

Mu fara da ciki, domin nan kuɗin yake tafiya. Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kowace rana. Idan dokinka ya kai kilo 350, kullum yana bukatar kilo 7 ke nan, mafi yawansa ciyawa da harawa, sauran kuma dusa da ɗan gero ko dawa. Ka lissafa wannan sau kwana 365, za ka ga ya haura tan biyu da rabi a shekara, na baki ɗaya tak. To, da wane farashi za ka yi lissafin? A nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Su tambayi kuɗin ɗaurin harawa da kaka, lokacin da aka gama roron wake da cirar gyaɗa tana jibge a kan soraye, sai su ɗauka haka za ta zauna. Ka jira bazara, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, ka ji yadda mai harawa zai amsa maka. Saboda haka da farashin bazara za ka yi lissafi. In kana da hali ka saya da kaka ka adana, amma a ɗora ta a kan rumfa inda gara da danshi ba za su kai ba. Harawar da ta yi funfuna tana jawo wa doki tari da ciwon ciki, kuma ciwon ciki na cikin abubuwan da suka fi kashe dawaki.

Ruwa ma kuɗi ne ga wanda yake saye a hannun 'yan garuwa. A lokacin zafi doki ɗaya zai iya shanye lita 40 ko fiye a wuni, wato kusan jarka biyu, ban da na wanka. Sai kanwa da gishiri, sai maganin tsutsar ciki, sai gyaran kofato duk bayan sati shida zuwa takwas, sai allurar rigakafin da likitan dabbobi zai tsara maka. Ga ladan yaron barga, wanda aikin kwashe kashi da yankan ciyawa ya ninku a kansa, kuma hakkinsa ne a ƙara masa. Sirdi da linzami kuwa, kada ka ce za su yi karɓa-karɓa. Bayan kowane doki da fasalinsa, sirdin da bai zauna daidai ba gyambo yake haifarwa.

Akwai kuma maganar wuri. Mu nan ingarma muka fi hawa, kuma ingarma biyu ba sa zama kusa da juna lafiya. Idan turakun suka yi kusa, da dare ɗaya za ka wayi gari da cizo a wuya ko harbi a ƙafa. Ko dai ka gina katanga a tsakani, ko ka ba su tazarar da ko sun juya baya ba za su kai ga juna ba. Kuɗin wannan gini ya shiga takardarka.

Wani zai ce ai dokin zai ciyar da kansa, zan riƙa bayar da shi haya a hawan angwanci da kilisa. Allah ya kawo kasuwa, amma kada ka dogara da ita. A 2020 annobar korona ta hana hawa, a 2024 kuma jami'an tsaro sun dakatar da hawan Babbar Sallah a Kano. Dawakin da aka saya domin waɗannan ranaku haka suka ci gaba da cin abincinsu safe da yamma. Shawarata ita ce, in ba ka da kuɗin ciyarwar aƙalla wata shida a ajiye bayan ka biya kuɗin doki da la'adar dillali, ka ƙara haƙuri zuwa baɗi. Kuma in za ka saya, ka guji makonnin da ke gab da Sallah, lokacin kowa yake nema. A kasuwa ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, domin a shekara biyar ne yake gama famfarar haƙoran gaba, sannan ka sa a zagaya da shi a kan ƙasa mai tauri ka ga ko yana ɗingishi.

Yanzu an yi ciniki, an ce Allah ya sa albarka. Saura kawo shi gida. Mu ce a Maigatari ka saya, babbar kasuwar dabbobin nan ta Jigawa da ke bakin iyakar Nijar, wadda take ci ranar Alhamis, kai kuma kana Kano ko Zariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin da kowa ya sani, don haka dole mutum ya nemi sauƙi. Sauƙi iri biyu ne. Akwai na gaskiya: ku haɗu ku biyu ko uku masu dawaki ku ɗauki shatar kanta guda ku raba kuɗin, ko ka nemi motar da ta kawo kaya kasuwa za ta koma ba lodi, direban zai yi maka ragi domin dama komawa zai yi. Ka yi magana da 'yan kamasho na tashar, su suka san direban da ya saba ɗaukar doki. Akwai kuma sauƙin da Hausawa suka ce araha ba ta ado: a cusa maka doki cikin tirelar shanu, tsakanin ƙahoni, don kuɗin ya fi ƙanƙanta. Wallahi abin yana ba ni takaici in na ga doki ya sauka da tsaga a haƙarƙari saboda an yi tsimin abin da bai kai kuɗin ɗinki da allura ba.

Kafin ka biya ko kwabo, hau bayan motar da kanka. Taka katakon ka ji ko ya ruɓe, shafa jikin bodin ka nemi ƙusa ko ƙarfen da ya fito. A zuba yashi mai kauri a ƙasa don kada kofato ya zame idan an taka birki. Bodin ya kasance da tsayin da doki ba zai yi tunanin tsallakewa ba, kuma iska tana shiga. In dawaki biyu ne, a gitta itace mai ƙarfi a tsakaninsu. Wajen lodi a jingina bayan motar da tudu ya shiga da ƙafarsa, ba a yi ta zabga masa bulala ana turawa ba.

Ga wani abu da mutane kaɗan suka sani. Kada a ɗaure ragamar doki a sama tamau har ya kasa sunkuyar da kai. Doki sai ya sauke kansa ƙasa majina da ƙura suke fita daga hanyar numfashinsa. In ya yi sa'o'i kansa a ɗage, dattin yana gangarawa huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga zazzaɓi da tari, masu doki su ce an yi masa baki, alhali tafiyar ce. A bar igiyar da ɗan sassauci. A tashi da asuba ko bayan la'asar, a tsaya duk bayan kamar awa huɗu a ba shi ruwa, kuma kada a cika masa ciki da hatsi kafin tafiya, ciyawa ta isa. Ka sa yaron barga ya zauna tare da shi a baya, ka kuma yi sharaɗi da direba tun farko: rabin kuɗi a tasha, ciko idan doki ya sauka a ƙofar gida, kuma babu ƙarin lodi a hanya. Takardar ciniki da ta shaidar lafiya daga jami'in dabbobi na kasuwa su kasance a aljihunka saboda shingayen hanya.

In ya iso, kada ka kai shi kusa da tsohon dokinka nan take. Ka ware shi sati biyu zuwa uku, da bokitinsa daban, kana lura da cin abincinsa da hancinsa da kashinsa. Abincin da ya saba ci a inda ya fito, ka tambaya ka fara da shi, ka riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan cikin kwana goma. In ka ga ya ƙi ci, ko yana birgima yana waiwayen cikinsa, kira likita a daren nan, kada ka bari sai da safe.