Jawabi Ga Mutanen Amarawa Game Da Kyautar Tsofaffin Kaya Da Sayen Amfanin Gona

Magana biyu na zo da su yau, watau kyautar tsofaffin kaya da sayen abinci daga hannun manomi. Amma tushensu ɗaya ne: a gajarta hanya tsakanin mai bayarwa da mai bukata, da tsakanin mai noma da mai ci.

Kowa ya ga 'yan gwanjo suna kwance dila ran Lahadi a kasuwar Illela, amma ba kowa ya san asalin kayan ba. A Ingila akwai ƙungiyoyin taimakon gajiyayyu, kamar Oxfam wadda aka kafa a birnin Oxford a 1942, masu kantuna na musamman. Wanda ya gaji da rigarsa sai ya kai musu kyauta, su sayar, su yi aikin agaji da kuɗin. Abin da bai sayu ba sai dillalai su saya, su ɗaure dila-dila, a ɗora wa jirgin ruwa zuwa tashoshi irin su Kwatano, sa'an nan mota ta hauro da shi. Ashe rigar da ta fita gidan mai ita da sunan sadaka, kafin ta iso nan ta zama haja, kowane hannu ya ci ribarsa.

To, mu ba mu da irin waɗannan kantuna, amma muna da abin da ya fi su sauri. Muna da liman, da mai unguwa, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, waɗanda suka san gidajen marayu da gajiyayyu. Gida nawa ne a Amarawa aka danne adaka da tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, ga ɗan maƙwabci kuwa yana kwana da rawar ɗari? Ku fito da su tun watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama.

Amma kyauta tana da ladabi. A wanke tufa da sabulu, a shanya ta a rana, a ɗinke inda ta yage. Tsumman da kai ba za ka sa ba, kada ka ba ɗan'uwanka. Ragowar magani kuwa ba abin kyauta ba ne, gama yana iya zama guba. A bayar kuma a asirce, kada a tara mutane a kunyata mai karɓa.

Sai maganar abinci. Allah ya ba mu fadamar Kalmalo kusa da mu, inda masu noman rani ke fid da albasa, da tumatir, da tattasai. Duk da haka sai ka ga maigida ya wuce manomi da kwandonsa, ya je ya sayi tumatirin gwangwani da aka yi a wata ƙasa mai nisa. Shi kuwa manomin tilas ya sallama wa dillali kayansa da araha, domin tumatir ba ya jiran gobe, albasa ma in ta daɗe a rudu sai wata ta ruɓe.

Kun dai ga abin da ya auku da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba na 2020, da kuma rufewar 2023, sa'ad da manyan motoci suka yi cirko-cirko tsakaninmu da Birnin Ƙwanni. Kayan nesa ƙofa ɗaya takan tsare su, amma babu mai rufe hanyar fadama. In muka bar manominmu ya karye, wa zai ciyad da mu ran da aka sake rufewa? Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Saboda haka in za ku saya, ku duba da kyau. Albasa ta gari ita ce mai tauri, wadda wuyanta ya bushe. Ku tambayi mai lambu yaushe ya yi feshin maganin ƙwari, domin wanda aka fesa jiya bai kamata a ci shi yau ba. A wanke ganye da ruwa mai tsabta. Madarar da aka tatso kuwa a tafasa ta tukuna, don gudun tarin fuka. Kada kuma ku matsa wa manomi da tayin wulaƙanci. Kuɗin da kuka ba shi ba ya barin gari: gobe zai kai wa tela, da maƙeri, da mai shago.

Abin da nake roƙo shi ne, kafin Lahadi mai zuwa kowane maigida ya sa a buɗe adaka a fid da ko riga ɗaya, cefanen ran nan kuma ya saye shi a hannun wanda ya noma. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya, amin. Wassalamu.