Hayaƙin Taba da Ɗan da ke Cikin Mahaifa: Laccar da Aka Gabatar a Babban Duhu

  

Na san da aka sanar da maudu'in wannan lacca akwai wanda ya ce a ransa: "Ina ruwanmu? Ai matanmu ba su shan sigari." Gaskiya ne, da wuya ka ga matar aure a Babban Duhu ko Safana ko Batsari da karan sigari a baki. To amma tambayar ita ce, a wane ɗaki maigida yake kunna tasa? Lokacin hunturu, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma, mai ciki tana kwance a gefe. Hayaƙin nan da ke tashi daga bakin karan, wanda bai bi ta audugar gindin sigari ba, ita ke shaƙarsa, kuma abin da ya shiga jininta ya isa ga ɗan tayi.

Bari mu tsaya a nan kaɗan, domin nan ne jigon maganar. Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa. Iskar da yake rayuwa da ita, da abincinsa, duk ta mabiyiya da cibiya suke zuwa masa daga jinin uwa. Likitoci sun ƙirga sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin taba, amma guda biyu sun ishe mu misali. Na farko nikotin, wanda ke matse jijiyoyin jini, sai abin da ke gangarawa zuwa ga yaron ya ragu. Na biyu iskar kabon monoksaid, wato irin wadda kuke jin ta hallaka iyali a cikin barci idan an kwana da janareto ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Wannan iska ta fi iskar numfashi saurin kama jini fiye da sau 200, idan ta kama kuwa sai ta tare mata gurbi. Ga hanya an ƙuntata, ga kayan da ke bin hanyar an gurɓata. Ta yaya yaro zai yi ƙwari?

Ba yau aka gano wannan ba. Tun 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta nuna cewa haihuwar bakwaini ta fi yawa ga mata masu shan taba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa 'ya'yansu kan zo duniya da ragin nauyi na kimanin giram 200, ga haɗarin ɓari, da ɓallewar mabiyiya kafin lokaci, wanda ke jawo zubar jini mai kisa. A 2014 rahoton babban jami'in lafiya na Amurka ya ƙara da tsagewar leɓe da ganda. Game da matar da ba ta sha, sai dai ana sha kusa da ita, wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya sami ƙarin haɗarin haihuwar ɗa ba rai da kashi 23 cikin 100. Wannan adadi, ya 'yan'uwa, namu ne mu maza.

Kuma abin ba ya ƙarewa ranar suna. Yaron da aka yi cikinsa a cikin hayaƙi yakan taso da huhu mai rauni: tari ba ya yankewa, ga asma, ga limoniya, ga ciwon kunne. Akwai kuma mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, wadda hayaƙin taba yana daga manyan sanadinta. Wasu bincike sun danganta shi da rashin natsuwa da wahalar ɗaukar karatu. Sai mu ce mayu ne, ko iska, ko a ce wance wabi take yi, alhali ba a taɓa tambayar me ake ƙonawa a ɗakinta ba.

Ku dubi halinmu kuma. Bakwaini yana bukatar kwalbar asibiti da wuta da ma'aikata, irin wanda sai an dangana da Katsina, asibitin Turai 'Yar'aduwa ko asibitin koyarwa na tarayya. Wa ke iya fita da jariri daga nan da tsakar dare? Iyalan da rashin tsaro ya kora cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma suka cunkushe a ɗaki guda, mashayi ɗaya ya ishi kowa a cikinsu.

Iyayenmu mata, ku ma akwai naku. Taba gari da ake cusawa a leɓe da kanwa, ko a shaƙa don ciwon kai ko haƙori, nikotin ɗin nan dai shi ne a cikinta, ko da babu hayaƙi. Kada a ba mai ciki da sunan maganin tashin zuciya. Samari masu shisha kuwa, ruwan tukunyar ba ya tace dafin, ga kuma hayaƙin gawayin da ke kanta.

Wani zai ce malamai sun yi saɓani a kan taba. Haƙiƙa sun yi. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta, amma a zamanin da ba wanda ya san abin da take yi wa jini. Da cutarwar ta bayyana, malamai irin su Shaikh Abdul'aziz bin Baz suka yi fatawar haramci, bisa ƙa'idar shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani. Ko da mutum ya nace a kan tsohon saɓanin, iyakarsa jikinsa. Ban san malamin da ya halatta masa shayar da wanda ba a haifa ba.

Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara, ko da yake kowa ya san abin da ke kan teburin mai tireda. Amma doka tana aiki idan an riƙe ta: Sikotland ta hana shan taba a rufaffun wuraren taruwa a 2006, bincike ya nuna haihuwar bakwaini ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100.

Wanda ya kasa bari yau, to kada ya sha a ɗaki, ko da matar ta fita, domin hayaƙin yana maƙalewa a bargo da labule da gidan sauro. Ya fita waje, ya wanke hannu da baki, ya sauya riga kafin ya ɗauki jariri. Mace mai amfani da taba kuwa, barinta a watanni ukun farko yana kawar da mafi yawan haɗarin, kuma ko a wata na nawa ta bari akwai amfani. Idan ta je awon ciki, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa ana shan taba a gidan, ko ba a tambaye ta ba.