Kafin a Sa Hannu a Doka, Nawa Za Ta Ci?

Jama'a, kowane shirin doka da aka kawo gaban majalisa yana da farashinsa, ko an faɗa ko an ɓoye. In ya ce a gina asibitoci, Baitulmali ce za ta biya. In kuwa ya ce a rage haraji, ita ce za ta yi rashi. Saboda haka kafin a ɗaga hannu, ya kamata a san nawa zai ci, a kuma san wanda ya yi lissafin.

Majalisar Dokokin Amurka ta kafa wa kanta ofishin kasafin kuɗi da dokar 1974, don ta daina dogara ga alƙaluman fadar Shugaban Ƙasa. Ofishin ya fara aiki a 1975 a ƙarƙashin Alice Rivlin. Da farko ma'aikatansa sukan zana abin da gwamnati za ta samu da abin da za ta kashe cikin shekara 10 masu zuwa in ba a taɓa kowace doka ba. Sa'an nan su sake lissafin kamar dai an zartar da shirin. Bambancin da ke tsakani shi ne farashinsa.

A faɗe abin da sauƙi, amma wahalarsa tana wajen halin mutane, domin doka takan sauya shi. Wanda ya ninka harajin taba ya zaci kuɗin shiga zai ninka, ya manta wasu za su rage sha, wasu kuma su koma ga ta fasa-ƙwauri. Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan a watan Satumba na 1976, sa'ad da aka soma ilmin firamare kyauta. An yi shiri don yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 a bakin makarantu. Azuzuwa da malamai suka kasa, har aka zaunar da wasu a gindin itatuwa.

Har wa yau masu kawo shiri suna da dabarunsu. Ragin harajin da Amurka ta yi a 2001 an rubuta shi ne ya ƙare da ƙarshen 2010, watau ba a lissafa abin da zai ci bayan nan ba. Da lokacin ya zo aka tsawaita shi, a 2013 kuma aka tabbatar da mafi yawansa. Wannan ba laifin akawu ba ne. Abin da aka rubuta a takarda shi ya auna.

Duk da haka, lissafi mai kuskure ya fi rashinsa, muddin ba mai shirin ne ya yi wa kansa ba. Birtaniya ta kafa ofishi mai zaman kansa a 2010 don duba alƙaluman gwamnati. Ran 23 ga Satumba, 2022, Ministan Kuɗi Kwasi Kwarteng ya bayyana ragin haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da hasashen ofishin ba. Darajar fam ta faɗi, ruwan bashin gwamnati ya hau, har Babban Bankin Ingila ya sa baki. Ran 14 ga Oktoba aka sallami ministan, ran 20 kuma Firayim Minista Liz Truss ta ba da sanarwar murabus.