Karen da ke yi wa makaho jagora

A ƙasashen Turai da Amurka ana horar da kare ya zama ɗan jagoran makaho. Horon na zamani ya samo asali ne daga Jamus a 1916, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1929 aka buɗe makarantar The Seeing Eye a Amurka, kuma har yau tana aiki.

Mutane da yawa na zaton karen ne ya san hanya. Ba haka ba ne. Makahon ne ke riƙe da taswirar unguwa a kansa, shi ke sauraron motoci ya ba da umarnin tsallakawa. Aikin karen shi ne kauce wa rami da turke, da tsayawa a bakin titi ko matakala. Abin burgewar kuwa, an koya masa ƙin bin umarni in ya hango mota tafe. Ko an ce tafi, sai ya cije.

Amma fa akwai ɗawainiya: abinci, likitan dabbobi, sannan bayan kimanin shekara takwas karen ya yi ritaya, a sake sabawa da wani. Ga kuma direbobin tasi masu ƙin ɗaukarsa, duk da doka ta hana a Birtaniya.

A wajenmu, yara ne ke jan sanda, su rasa makaranta. Wannan shi ya fi cancanta mu fara gyarawa. Kuma duk inda kuka ga irin wannan kare, kada ku kira shi ko ku ba shi abinci, yana bakin aiki ne.