Darasin Adabi da Abin da Muke Gani a Teburin Tafinta

Jawabin tafintocin ofishin kariya a taron iyaye da malaman sakandare, sansanin Minawao

Iyayenmu maza da mata, shugabannin unguwanni, malamai, da ku ƙannenmu 'yan makaranta da kuka tsaya a baya, barkanku da zuwa. Mun san wasu sun bar jarkokinsu a layin famfo, don haka ba za mu tsare ku da yawa ba.

Mu ba malamai ba ne, tafintoci ne. Aikinmu zama tsakanin mai magana da jami'in kariya, mu ɗauko zance daga Hausa ko Kanuri ko Glavda ko Mafa mu kai shi Turanci ko Faransanci, mu dawo da amsa. Yawancinmu a sakandare karatunmu ya tsaya. Malaman Turanci ne suka ce mu zo mu sa baki, saboda wata magana da ke yawo a unguwanni. Ana cewa lissafi an san amfaninsa, kimiyya an san amfaninta, amma wannan darasi da ake kira adabi, a tara manyan yara ana karanta musu labarin mutumin da ba a taɓa haifa ba, sannan a ce su cika shafi biyu a kansa, ai tatsuniya ce da rana tsaka. Za mu gaya muku abin da muke gani a teburinmu, ku auna da kanku. Sirrin kowa a rufe yake, mun sa hannu a kan haka. Misalan da za mu kawo irin na kullum ne, ba na wani mutum ɗaya ba, kada kowa ya juya ya dubi maƙwabcinsa.

Mutum zai zo da gaskiyarsa, amma labarin ya fito a hargitse. Ya fara da ranar da ya iso sansani, ya koma rasuwar mahaifinsa, ya tsallako kan shanun da aka kora, jami'i yana ta tambaya wanne ya riga wanne. Ba laifinsa ba ne, tashin hankali yana wargaza tunani, jami'an ma sun san haka, shi ya sa suke haƙuri. Sai dai wanda zai karanta takardar a Marwa ko Yawunde bai ga fuskarka ba. Abin da aka rubuta kaɗai zai gani.

Akwai kuma bambancin "na gani" da "an ce". A hira a bakin zaure ba mai damuwa da shi. A takarda kuwa, idan yau ka ce ka ga an ƙone kasuwa, bayan wata shida ka ce ƙaninka ne ya ba ka labari, sai a fara tambayar sauran abin da ka faɗa.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne zumunci. A wurinmu ƙanen uba baba ne, ɗansa kuma wa ne ko ƙane, 'yar riƙo 'ya ce. A fom ɗin rajista, kalmar brother tana nufin wanda kuka haɗa uwa ko uba. Idan aka rubuta ɗan baffanka da ita, gobe aka zo haɗa iyali ko gyara kati, sai takardu su ƙi haɗuwa. Yaran da Kanuri ne harshensu suna da wani tarko daban: harshen bai raba namiji da mace a wakilin suna ba, don haka he da she suna sauya musu wuri, 'ya ta koma ɗa a layi guda.

To, waɗannan abubuwa ukun su ne abincin ajin adabi da insha'i. Ku leƙa wata rana ku gani. Malam zai karanta babi da ƙarfi, tunda littattafan ba su isa kowa ba, sannan ya fara tambaya. Wa ke ba da wannan labari? Yana wurin, ko ji ya yi? Me ya faru da farko, me ya biyo baya, me ya jawo shi? Wannan mutumin mene ne shi a wurin wancan? Tambayoyin jami'in kariya ke nan sak, sai dai a aji ba kan kowa ake ba, yaro yana iya kuskure sau goma ba abin da zai rasa.

Mu ɗauki littafin da yawancinmu muka karanta a gida Najeriya, Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Labarin Okonkwo ne, jarumi a ƙasar Ibo. Bindigarsa ta fashe a wurin jana'iza ta kashe wani yaro ba da niyya ba, al'ada ta tilasta masa barin garinsu shekara bakwai. Ya kwashi iyalinsa ya tafi garin mahaifiyarsa, kawunsa Uchendu ya karɓe shi, aka ba shi filin gini da gona. Yana ci yana sha, amma zuciyarsa tana gida, yana ƙirga shekaru. Da ya koma, garin ba yadda ya bar shi ba ne. Iyayenmu, wa ke nan da zai ce bai san wannan labari ba? An buɗe sansanin nan a 2013. Yaran da aka shigo da su a goye bayan Gwoza da Bama sun faɗa hannun mayaƙa a 2014, su ne yanzu ke shiga sakandare. Suna ganin babansu yana zaune shiru da yamma, ba su san me ke cinsa ba. Yaron da ya yi sati uku yana muhawara a aji kan dalilin da ya sa Okonkwo ya kasa sakin jiki a garin da aka karrama shi, zai dawo gida da wani ido.

Akwai wuri a littafin da mu tafintoci ba ma mantawa. Bature mai mulki ya ci mutanen garin tarar buhu 200 na wuri, masinjojin kotu da suka kai saƙon suka ce buhu 250 ne. Hamsin ɗin nasu ne. Mutanen garin ba su da hanyar sanin abin da aka yanke, sai suka biya. Kun sha ji daga bakinmu cewa duk aikin HCR kyauta ne, rajista, kati, ganin jami'i, ba a biyan ko dala. Muna so a kowane gida a samu yaro ko yarinya da za su iya karanta sanarwar da aka manna da idonsu, su kuma karanta takarda kafin baba ya dangwala yatsa. Har mu kanmu, gara a samu mai iya duba aikinmu.

Yanzu rubutu. Rubutu ba ya zuwa da kwafe allo. Yaro zai rubuta sakin layi, ya ba abokinsa ya karanta, abokin ya ce nan ban gane ba, ya gyara, malam ya bi da jan biro, ya sake rubutawa. Idan kun ga littafin 'yarku ya yi ja, kada ku ce ba ta da ƙoƙari, alamar an karanta aikinta ne. Littafin da ya kamata ya dame ku shi ne mai tsabta wanda ba hannun malam a ciki.

Ku kuma ƙannenmu, ku daina haddar insha'in wani. Mun san ana yi, a samu tsohon insha'i mai manyan kalmomi a haddace, kowace tambaya ta zo a juye mata shi. Mai duba jarrabawa yana ganewa tun layin farko. Mu ma a teburinmu haka ne: labarin da wani ya koya wa mutum ya zo ya faɗa, tambaya biyu ke rusa shi, ya kuma ja wa gaskiyar da ke tare da shi zargi. Turanci gajere mai sauƙi wanda naka ne ya fi doguwar riga ta aro.

Malamai, da girmamawa, muna da roƙo daga ofishin kariya. Kada a tilasta wa aji rubuta insha'i a kan ranar da aka gudo. A ba da zaɓi: ranar kasuwa, yadda ake yin gawayin ɓawon gyaɗa, wasiƙa zuwa ga kaka, wasan ƙwallo. Wanda ya zaɓi ya rubuta abin da ya same shi, a bar shi, amma kada a karanta a gaban aji sai da yardarsa. Idan kuma rubutun ya nuna ana dukan yaro a gida, ko ana shirin aurar da yarinya, ko wani babba yana taɓa ta, kada ku riƙe a aljihu, kada kuma ku je gidan da kanku. Ku kawo wa masu kula da kariyar yara a asirce.

Wasu iyaye sun ce mana Faransanci ne ke aiki a Mokolo da Marwa. Gaskiya ne, a koye shi da kyau. Amma Kamaru harshe biyu take da shi a hukumance, yaranmu da ke ɓangaren Turanci kuma jarrabawar GCE za su zauna a aji biyar, wadda hukumarta ke Buea. Waɗanda za su koma gida fa? Tun 2017 Kamaru da Najeriya da HCR suka sa hannu kan komawa bisa son rai, a 2021 kuma motoci suka fara kai mutane Borno. Ba mai tilasta wa kowa. Amma a Najeriya ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, Turanci a cikinsu dole. Tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda Jamus ta fara a 1992 domin 'yan gudun hijira, shi ma sai wanda ya gama sakandare, kuma sai ya nema a rubuce.

Abin da muke roƙon iyaye kaɗan ne. A ba mai karatu fitilar sola awa ɗaya bayan cin abincin dare, ko da cajin waya zai jira. A raba ɗiban ruwa da neman itace tsakanin yara, kada duk ya faɗa kan yarinyar da ke aji uku, domin a nan muke rasa su. Kada a yage littafin rubutu a ƙunshe ƙosai. Ko ba ka yi boko ba, ka ce wa ɗanka ya ba ka labarin babin da aka karanta yau da harshenku na gida, ka tambaye shi daga nan sai me ya faru, wa ya faɗa masa. Taƙaitawa ke nan, ana kuma ba da maki a kanta.

Abu ɗaya kada a yi. Ko yaya Turancin yaro ya kai, kada ku zo da shi ya yi muku tafinta a maganar fyaɗe, ko rikicin aure, ko ciwon da ake ɓoyewa. Kayan ya fi ƙarfin wuyansa. Akwai tafintoci maza da mata, mace tana da ikon cewa mace take so. Wanda kuma yake da tsohon littafin labari na Turanci a akwati, ko wanda ya taɓa koyarwa a gida yana son taimaka wa 'yan aji biyar da yamma, ya tsaya bayan taro ya ba malaman Turanci sunansa da unguwarsa.