Jinkirin Jiki wajen Amsa Taɓawa



Tsakanin lokacin da abu ya taɓa fatar ɗan Adam da lokacin da ya motsa domin amsawa akwai ɗan jinkiri, wanda ko da yake ga mai ƙoshin lafiya bai cika kaiwa rubu'in daƙiƙa ba, masana sun daɗe suna bincikensa, tun shekarar 1850 da Helmholtz na ƙasar Jamus ya auna tafiyar saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar ba ta wuce kimanin mita 30 a daƙiƙa guda ba.

Abu biyu ke rage wannan jinkiri. Na farko ƙarfin taɓawar, domin Piéron, wani malamin Faransa, ya tabbatar da cewa gwargwadon ƙarfin abin da ya riski gaɓa, gwargwadon saurin amsarta, har a kai haddin da ƙari ba ya ƙara kome. Na biyu tsammani, kuma shi ne abin al'ajabi, saboda wanda aka ce masa ga abu nan tafe ya kan riga gafili amsawa, amma zumuɗin jiran ya kan sa ya rantse an taɓa shi alhali ba a taɓa ba.

Saboda wannan ne, ya kai mai ciwon sukari, idan ma'aikacin lafiya ya zo duba ƙafarka, sai ya umarce ka da rufe ido, sa'an nan ya ɗora wani siririn zaren roba a tafinka, ya danna har ya lanƙwashe da nauyin giram 10, yana saɓa lokaci da wuri don kada ka ƙiyasta. Ina roƙonka don Allah, kada kunya ta sa ka ce ka ji abin da ba ka ji ba, domin wannan ciwo ya kan raunana jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, har tsakuwa ta wuni cikin takalmi tana cin nama, mai ƙafar bai sani ba, kasancewar taɓawar mai rauni ce kuma ba a tsammace ta ba.

To, inda fata ta gaza, wajibi ne ido ya tsaya mata. Ka zazzage takalminka kafin ka sa, ka gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma kowace safiya ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ya gagara ka sa madubi ko ka kira ɗanka ya duba maka.